Addu'a a Wutsiyar Jirgin Yaƙi

Ku da kuke zuwa shagon nan cajin waya kuna leƙo ni ta bayan kafaɗa, ina jin abin da kuke faɗa. Wai tsoho ya samu aikin ɓagas, yana zaune gaban fanka yana shafa wa jirgin ƙarya kala. Ɗayanku har cewa ya yi ƙanwarsa 'yar firamare za ta iya. To ku ja benci ku zauna, tunda wayoyinku ba su cika ba, ku ji ta inda aka biyo kafin a iso gaban fankar.

Ku fara sanin abin da nake yi. Akwai mutane a duniya, manya da gemunsu, wasu likitoci, wasu 'yan fansho, da ke zama gaban kwamfuta su riƙe wata sanda suna tuƙa jirgin sama a cikinta. Jirgin bai taɓa barin tebur ba, amma in ka ga yadda suka ɗauki abin sai ka rantse akwai fasinja. Wasunsu tsofaffin jiragen yaƙi suke so, waɗanda aka daina hawa tun ba a haife ku ba, kuma kowane jirgi suna son sa da ainihin fentin da ya sa a zamaninsa. Wannan fentin shi nake yi a nan Karaye. Kafin nan kuwa mai fentin manyan motoci ne ni.

A tashar Rogo na koyi sana'a, wajen Malam Iro Mai Zaki. Mahaifina ne ya kai ni daga Tudun Kaya, bayan ya gaji da tarar da ni ina zana shanu da gawayi a jikin rumbu, shanun gaske kuma suna cikin gyaɗar maƙwabci. Na daɗe a wajen Malam Iro ban taɓa jikin mota ba. Aikina wanke burushi da kananzir, da goge gwangwanayen madara da muke haɗa kala a ciki, da riƙe tsani. Burushin rubutu shi yake ɗaura abinsa da gashin akuya a kan tsinken gora, kuma ba kowace akuya ba. In ya ga wadda gashinta ya yi masa a kasuwa, sai ya bi mai ita da hira har ya samu ya ɗan yanka. Layi kuma da zare muke fitarwa: a shafa masa alli, a ja shi ya miƙe, a ɗana, ya bar farin layi a jikin katako. Akwai wata sanda mai tsumma a kai da ake jingina hannu don kada ya yi rawa. Ita ce kuma ake jingina wa almajirin sana'a a gadon baya in ya zubar da ja, don ja ya fi kowace kala wuyar samu.

Zakin da na fara zanawa ni kaɗai na wani direba ne ɗan Jajaye mai ɗaukar gyaɗa. Na yi masa geza, na yi masa haƙora, na zuba masa ruwan ɗorawa har yana ƙyalli. Mutumin ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce zakin kamar an tashe shi daga barci za a yi masa allura. Malam Iro ya karɓi burushi ya ɗiga fari a cikin ido ya ɗan sauko da gira, sai ga zaki ya fusata. A ranar na gane duk dabbar a ido take, sauran jikin cika wuri ne.

Doka ɗaya Malam Iro yake da ita wadda ba ta lanƙwasuwa. Duk abin da zai ɗauki ɗan Adam ya yi tafiya da shi, ba ya fita daga hannunmu sai da addu'a a bayansa. Babbar mota ce, a-kori-kura ce, ko amalanken shanu, sai an rubuta mata "Allah Ya Kiyaye Hanya" ko makamancin haka, ko mai ita ya nema ko bai nema ba. Wata rana wani direba mai gaggawa ya ja motarsa kafin a rubuta, Malam Iro yana masallaci. Da ya fito ya ga wayam, sai ya hau keke, ni a baya riƙe da gwangwani, muka bi sawu har garin Gwangwan. Ana loda buhuna yana rubutu, direba yana ba shi haƙuri, shi kuwa Malam Iro yana ce masa ba don kai nake yi ba, don yaron motarka nake yi. Tun daga nan ban taɓa sakin abin hawa babu addu'a ba, kuma ku riƙe wannan, don nan maganar za ta dawo.

Jirgin yaƙi ma na zana shi tun a wancan lokacin, a ƙofar bayan mota, don akwai shekarun da direbobi suka gaji da zaki suka koma jirgi. Ni kuwa iyakar sanina da shi, muna yara lokacin yaƙi wasu sun taɓa wucewa ta kan gonarmu ƙasa-ƙasa, da ƙarar da ta sa jakin kawuna ya kayar da shi cikin kunyar gona. Cikin jirgin kawai na gani, shi ma ina kwance rub da ciki ina leƙe. Saboda haka da na zo zane sai na cike sauran da hankalina. Na yi masa tagogi da labule, na sa matuƙi da hula zanna yana ɗaga hannu. Babu wanda ya yi ƙorafi, don duk tashar babu wanda ya fi ni ganin jirgi.

Shekarar da ta karya mu shekarar zaɓe ce, wadda a da ita ce lokacin girbinmu. Na sayi fenti na jera, na ɗaura sabbin burusai, ina jiran masu neman kujera su zo a zana fuskokinsu a bango. Shiru. Ashe inji ya sauka a Kano mai buga hoton mutum a jikin leda, faɗin ɗaki guda, kafin ka gama shan koko, kuma ya fito da shi ya fi shi kansa kyau. Direbobi ma suka koma manna sitika. Fenti ya daskare a gwangwani har ina yanka shi da wuƙa. A shekarar na shafa wa ƙahon raguna alama gabanin Sallah, na baƙanta allunan makarantar firamare, sannan na zama wanda ake kira in ana son a rubuta "An Hana Fitsari A Nan" a jikin katanga. Duk wanda kuka gani a garin nan da harafi mai kyau, hannuna ne. Na ji kunyar abin ƙwarai, kuma ko a jikin masu fitsarin.

Ana haka Allah ya kawo Malam Nura, mai shagon nan, mijin 'yata Ummi. Yaro ne mai ladabi har ya yi yawa. In ya hango ni daga bakin titi sai ya sauka daga babur ya tura shi, ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa yana gaishe da ƙasa. Tun da ya auri Ummi ban san kalar ƙwayar idonsa ba. Shi ne ya haɗu da masu tuƙin jirgin nan ta waya, suka ce suna neman wanda zai yi musu fentin tsofaffin jiragen sojan ƙasar nan. Ya iya kwamfuta, amma in ya haɗa kore sai ya fito kamar miyar kuka ta kwana. Bai iya tunkarata da maganar ba, sai ya aiko Ummi, ita ta ce min wai ko Baba zai riƙa leƙowa shago yana sa musu albarka. Da na zo sa albarka sai na tarar an ajiye min kujera da fanka.

Ranar farko ya buɗe min jirgin, na ce ina jirgin. An feɗe shi an shanya kamar fatar rago: fiffike nan, ciki can, hanci a wani lungu, wutsiya ta rabu biyu. Ya miƙo min wani baƙin faranti da alƙalamin da ba shi da tawada, in na ja a faranti sai layi ya fito a gilashi. Hannuna yana wuri ɗaya, idona yana wani wuri, ni da na saba ina jin ƙanshin abin da nake shafawa. Na yini ina ƙawata wani yanki da na ɗauka fiffike ne, da aka naɗe fatar a jikin jirgin sai ga shi murfin taya ne, wanda ke rufewa da zarar an tashi. Abu ɗaya ne ya burge ni. In ka yi kuskure akwai inda za ka danna ya koma kamar ba a yi ba. Na tuna sandar Malam Iro, na ce Allah sarki, an haife mu da wuri.

Fentin kansa sai da ya juya min kai. Ni na tashi a kan cewa mota mai kyau ita ce wadda ake hangowa tun daga nesa a ce ga wance nan tafe. Su kuwa waɗannan jiragen, wasu farin ƙarfe ne zalla da tambarin kore-fari-kore, wasu kuma dabbare-dabbare ne na kore da ruwan ƙasa a sama, ciki kuma shuɗi mai haske, wai don na sama ya ɗauka daji ne, na ƙasa ya ɗauka sararin sama ne. Wato ka zauna ka yi aiki da kyau don kada a ga aikinka. Sannan ba sa son jirgi sabo fil. Sai ka sa masa baƙin hayaƙi a bayan inji, da yoyon mai a ƙarƙashin fiffike, da inda takalmin matuƙi ya cinye fenti wajen hawa. Na ƙare ƙuruciyata ina ɓoye tsufan mota, yanzu tsufan ake so in zana, kuma nan ne hannuna ya faɗa, don na san ta inda ƙarfe ke fara gajiya.

Masu sayen kuwa ban taɓa ganin mutane masu ƙwaƙwa irinsu ba. Direban Jajaye waliyyi ne a kansu. Suna da tsofaffin hotuna, yawanci baƙi da fari, amma a kansu za su yi ta musu kan kore, wannan ya ce ya fi haka duhu, wancan ya ce rana ce ta dafa shi. Har ƙusoshin jikin jirgi suke bi. Sun taɓa dawo mana da aiki wai lambar wutsiya ta ɗan karkata. Abin da babu shi a hoto ba sa so, ko da ɗigo ne.

Jirgin farko da na kammala da kaina wani mai gajeren hanci ne, baki buɗe kamar tulu. Na gama dabbare-dabbarensa, na sa hayaƙi, na sa lamba, sai na ga gefen wutsiya fili fetal. Jirgi abin hawa ne, ɗan Adam yake ɗauka, kuma in ya lalace babu gefen titin da zai faka. Na zaɓi ruwan ɗorawa na rubuta "Allah Ya Sauke Mu Lafiya", na yi wa haruffan inuwa da ja, na ɗan sa fure a kowane gefe. Malam Nura ya zo ya tsaya a bayana. Na waiwaya na tambaye shi.

"Malam, ya ka gani?"

"Ma sha Allah, Baba," in ji shi, yana kallon ƙafarsa.

Washegari da hantsi na zo na buɗe, wutsiya fes, babu rubutu babu fure. Na kira shi na nuna masa.

"Baba, wani lokaci kwamfuta takan yi haka."

"Haka kawai?"

"Wataƙila bairos ne, Baba."

Na tambaye shi mene ne bairos, ya ce wata cuta ce da ke shiga kwamfuta tana cin aiki. Na ce iska ce ke kawo ta ko sauro. Ya ce a'a, mutum ne ke haɗa ta a can wani wuri ya sako. Na ce to madalla, tunda mutum ne, za mu gana.

Na sake rubutawa, wannan karon da manyan haruffa. Aka ci. A jirgi na gaba na rubuta a wutsiya na ƙara a fiffike, aka ci duka biyun aka bar min hayaƙina da yoyon maina ba a taɓa ba. Wannan ne ya fi ƙona min rai. Cuta ce wadda ba ta cin kore, ba ta cin lamba, sai addu'a. Na ce lallai wannan mai bairos ɗin ba ƙaramin tantiri ba ne.

Ranar wata kasuwa shagon cike da masu caji, na buɗe na ga an sake ci, sai na ɗaga hannu sama. Na ce duk wanda ke goge min rubutun nan, Allah ya sa takalminsa ya tsinke a tsakiyar kasuwa. Jama'a suka ce amin. Na waiwaya na ga Malam Nura ya duƙufa kan wata waya.

"Malam, ba ka ce amin ba."

"Amin, Baba," ya faɗa can ƙasan maƙoshi.

Daga nan abin ya zame min wuridi. Kullum na tarar an ci, sai in ƙaro sabuwa. Na roƙa masa ƙaiƙayi a tsakiyar baya inda hannu ba ya kaiwa. Na roƙa Allah ya cire masa daɗin tuwo, ya ci ya ji kamar dusa. Ban roƙa masa mutuwa ko talauci ba, ni ba azzalumi ba ne, so nake dai ya ji a jikinsa. Masu caji har suka riƙa zuwa da wuri don kada a yi ba su, wasu suna kawo shawara. Kowace addu'a kuma sai na jira amin ɗin surukina, don shagonsa ne, shi aka fi cuta.

Na lura yaron yana ramewa, na ɗauka zafin aiki ne. Na gan shi ya dawo daga kasuwar Rogo da takalmi ɗaya a hannu, na ce kayan yanzu ba su da ƙarko. Na gan shi yana goga bayansa a jikin ƙyauren shago kamar akuya da katanga, na ce ya nemi maganin ƙuraje. Ko kusa raina bai kawo komai ba.

Ummi ce ta same ni a gida bayan la'asar, ina gyara wani tsohon burushi a zaure. Ta gaishe ni ta zauna, ta yi ta murza bakin mayafi.

"Baba, don Allah ka daina yi wa mai bairos baki."

"Ɗan uwanki ne?"

"Baba, tuwo na tuƙa masa da miyar kuɓewa ɗanya, wadda ya fi so, ya kai loma ɗaya ya ajiye ya ce dusa yake ji."

Na ajiye burushin. Ta ce tun jirgin farko ya tura wa masu saye da rubutun don ya kasa gogewa, suka dawo da shi suka ce in aka ƙara sa abin da babu a hoto za su nemi wasu. Ya kasa gaya min, ya kasa bari a tura, shi ne yake sammako ya goge kafin in zo, sannan ya zauna ya amsa amin. Ta ce ya rantsar da ita kada ta faɗa, don in ya san na sani, ba zai iya ƙara zama gari ɗaya da ni ba.

Da farko haushi na ji, sai kuma tausayi ya danne shi. Ga yaro ya tsamo ni daga rubutun katanga, ni kuma na tara masa jama'a muna roƙa masa ƙaiƙayi. Amma kada ku ɗauka na yarda na yi kuskure kan rubutun. Har gobe jirgi yana buƙatar addu'a fiye da amalanke. Matsalar ita ce in na dage, masu saye su tafi, in koma bin katangu. In na bari, na saki abin hawa tsirara, abin da ban taɓa yi ba tun ina riƙe tsani. In kuma na ce masa na sani, na rasa suruki.

Da safe na zo na zauna, na buɗe sabon jirgi, fata fara ba a shafa mata komai ba. Na kira shi ya zo ya durƙusa.

"Malam, wannan bairos ɗin, in aka yi rubutu tun a farar fata, sannan aka bi shi da kore aka rufe ruf, yana iya tono shi?"

Ya yi ɗan lissafi. "Ba ya iyawa, Baba."

"Su kuma masu hotuna?"

"Ba za su gani ba, Baba."

Na rubuta addu'ata a wutsiya, da inuwarta da furanninta, na bi ta da kore da ruwan ƙasa har ta ɓace. Laya ma ai a rufe take, babu mai buɗewa ya karanta. Duk jirgin da ya fita daga shagon nan tun daga ranar haka yake fita. Wani mai kaifin baki a cikinku ya taɓa ce min in an tura aikin, na ƙasan ba ya tafiya, na saman kawai ke isa. Na ce masa Wanda aka rubuta dominSa ya riga ya gani.

Sai da shago ya cika na ɗaga hannu. Masu caji suka gyara tsayuwa suna jiran sabuwa. Na ce jama'a ku shaida, mai bairos ɗin nan, ko wane ne shi, ko a ina yake, na yafe masa duniya da lahira. Allah ya dawo masa da daɗin tuwo, ya ba takalminsa ƙarko, ya yi masa albarka shi da iyalinsa. Aka ce amin a sanyaye, don ba haka suka so ba. Na shafa, na juya zan ci gaba da aiki, sai na ga Malam Nura har yanzu hannunsa a sama, kansa a ƙasa.

"Baba," ya ce a hankali, "har da ƙaiƙayin?"

Na kafa idona a kan gilashi don kada mu haɗa ido.

"Har da ƙaiƙayin, Malam."

Amin ɗin da ya yi, sai da mai shayi na tsallaken titi ya waiwayo.